Weebl: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mai Katun da Waƙoƙin Barkwanci na Intanet

Mun tattara tambayoyin da masu sha'awar zane mai motsi suka fi yi game da Weebl da kuma irin sana'arsa, wato haɗa gajeren katun da waƙar ban dariya a sake shi a intanet. Wasu amsoshin tarihi ne, wasu kuma na mai son ya zauna ya yi da hannunsa.

Wane ne Weebl?

Sunansa na yanka Jonti Picking, ɗan Ingila ne, an haife shi a garin Doncaster a shekarar 1975. Aikin sauti ya koya tun farko, kuma duk wanda ya saurari ayyukansa da kunnen basira zai ji alamar hakan: zanen na iya zama mai sauƙi ƙwarai, amma kiɗan da muryoyin ba a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Shafinsa mai suna Weebl's Stuff shi ne rumbun da ya riƙa zuba ayyukansa tun kafin a san YouTube. Shi ke rubuta waƙa, ya haɗa kiɗa, ya rera, ya kuma yi yawancin muryoyin, ko da yake da aiki ya yi yawa ya ɗauki wasu masu zane suna taya shi.

Da wane aiki ya fara yin suna?

Da jerin katun mai suna Weebl and Bob, wanda ya fara a 2002. Taurarin halittu biyu ne masu siffar ƙwai, ba hannu ba ƙafa, suna tangaɗi a wuri guda suna hira, kuma kusan duk hirar tana komawa kan son wani gasasshen abincin Turawa da ake cusa wa nama ko 'ya'yan itace. Maganarsu ba ta fita sosai, gunguni ne, sai a rubuta abin da suke faɗa a saman kawunansu da Turanci mai karyayyen nahawu. Tashar MTV ta Birtaniya ta nuna wasu daga ciki da sunan Wobbl and Bob.

A lura da dabarar da ke cikin wannan siffa. Halittar da ba ta da gaɓoɓi ba ta buƙatar a zana mata tafiya, alhali tafiya tana cikin abubuwan da suka fi cin lokacin mai zane. Bakin kuwa tsaga ce kawai da ke buɗewa tana rufewa. Abin da ya rage wa mai aiki shi ne rubutu da auna lokaci, wato sanin inda za a yi shiru na sakan biyu kafin a jefa maganar da za ta sa dariya. Da haka mutum ɗaya ke iya fitar da sabon kashi a kai a kai ba tare da ya gaji ya watsar ba.

Mene ne labarin katun ɗin Badgers da ake yawan ambata?

Ya fito a watan Satumba na 2003, ya kuma fara bazuwa ta shafin B3ta na Birtaniya. Abin da ke ciki kaɗan ne: wasu dabbobin Turai dangin dage, masu farin zane a fuska, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a fili suna motsa jiki bisa bugun kiɗa, murya na maimaita sunansu. Sai a nuna naman kaza, a koma kan dabbobin, bayan 'yan zagaye maciji ya ratso. Daga nan komai ya koma farko, kuma ba ya tsayawa sai mai kallo ya rufe shafin.

A ganinmu abubuwa uku suka ɗaga shi. Ba ya buƙatar jin Turanci, don kalmomin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Fayil ɗin ƙarami ne, yana buɗewa ko a layin intanet mai rauni. Na uku kuma shi ne tsarin waƙar: maimaici yana sa kunne ya saba har ya fara hasashen abin da zai biyo, sai macijin ya karya hasashen. Wannan tsari na sabawa da karyawa shi ne ƙashin bayan yawancin waƙoƙinsa da suka biyo baya, irin su Kenya, Magical Trevor, Narwhals da Amazing Horse.

Me ya sa duk masu irin wannan aiki a lokacin suke amfani da manhajar zane mai motsi ta Flash?

Saboda nauyin fayil. A farkon shekarun 2000 gidaje da yawa a Turai da Amurka da layin tarho suke shiga intanet, gudunsa bai wuce kilobit 56 a sakan ba. A aikace, kilobait biyar ko shida ke sauka a sakan guda, don haka fayil mai megabait ɗaya na cin kusan minti uku. Bidiyo na gaske bai dace da irin wannan layi ba.

Flash ba ya ajiye hoto ɗigo-ɗigo kamar yadda kyamara ke yi. Yana ajiye umarni ne: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi kaza, cika ciki da launi kaza. Kuma idan ka zana dabba sau ɗaya ka ajiye ta a ma'ajiyar manhajar, kana iya fito da ita sau goma sha biyu a allo ba tare da nauyin fayil ya ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Haka motsi: ka nuna wa manhajar inda abu zai fara da inda zai ƙare, ita ta cike tsakani. Sakamakon haka, sautin ne ke cinye mafi yawan nauyin, shi ya sa gajeriyar waƙa mai zagayawa ta zama mafita. Kiɗan sakan talatin da ke komawa farko yana ba mai kallo nishaɗin minti goma a kan kuɗin saukar da sakan talatin.

Manhajar ta fara ne da sunan FutureSplash Animator a 1996, kamfanin Macromedia ya saye ta a ƙarshen wannan shekarar, sannan Adobe ya sayi Macromedia a 2005. Shafin Newgrounds na Tom Fulp a Amurka ya zama babbar kasuwar irin waɗannan ayyuka. Masu katun irin su Neil Cicierega, Joel Veitch da David Firth duk 'yan wannan zamani ne.

Waƙa ake fara yi ko zane?

Waƙa, kuma a gama ta tsaf kafin a ja layi ko ɗaya. Wanda ya fara zane sannan ya dawo ya ƙara wa waƙa baiti ko ya canja gudunta, zai sake jera kowane motsi daga farko.

Abu na farko shi ne zaɓen gudun kiɗa da zai rabu daidai da adadin firam, wato hotunan da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya su ba da motsi. Lissafin ba wuya: ka ninka adadin firam na sakan guda da 60, ka raba da adadin bugun kiɗa a minti. Idan kana aiki da firam 24 a sakan, minti guda firam 1,440 ne. Kiɗa mai bugu 120 a minti zai ba ka firam 12 ga kowane bugu, mai 96 ya ba ka 15, mai 144 ya ba ka 10, mai 90 kuma 16. Duk waɗannan cikakkun lambobi ne, don haka rawar da ka zana ta bugu ɗaya za ta zauna daram a kan kowane bugu har ƙarshen waƙa. Idan firam 25 kake amfani da shi, nemi bugu 100, 125 ko 150.

Ga abin da ke faruwa idan ba a kula ba. A ce ka zaɓi bugu 130 a firam 24. Kowane bugu firam 11 ne da ɗan ɗoriya. Ka zana rawar a firam 11 ka ce ɗoriyar ba komai. Bayan minti guda rawar ta riga kiɗan da firam 10, kusan bugu ɗaya cur, kuma duk mai kallo zai ga ƙafa na sauka kafin ganga.

Bayan an tsayar da gudu, sai a ɗauki murya, a haɗa ta da kiɗa, a fitar da fayil na WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. A jawo shi cikin manhajar zane, a sa alama a farkon kowace gaɓar kiɗa da kowace kalma mai nauyi. Daga nan a yi zane-zanen gwaji marasa kyau, hoto ɗaya ga kowane fage, a jera su kan waƙar a kalla daga farko zuwa ƙarshe. Idan bai ba da dariya a wannan mataki ba, launi da goge layi ba za su cece shi ba. Sai an gamsu sannan a shiga zane na gaske.

Zane nawa ake buƙata a minti guda?

Idan kowane zane zai tsaya firam biyu, kamar yadda aka saba a katun na hannu, zane 12 ne a sakan, 720 a minti. Waƙar minti uku zane 2,160 ke nan. Mutum ɗaya ba ya iya wannan a mako. Shi ya sa masu salon Weebl ke gina aikinsu da gajerun motsi masu komawa farko: rawa mai zane shida ko takwas da za a yi ta juyawa, bango guda da ba ya motsi, da sassan jiki da aka yanka daban-daban ana jujjuya su a mahaɗa. Amshin waƙa da ya dawo sau uku yana iya ɗaukar fage iri ɗaya, a canja abu guda a zuwa na uku don a ba mai kallo mamaki.

Me ke sa sauti da hoto su rabu idan katun ya daɗe yana zagayawa?

A Flash akwai hanyoyi biyu na ɗora sauti, kuma kowace da cutarta. Hanyar Event tana sakin sautin ya tafi da agogonsa, zanen ma ya tafi da nasa. Idan kwamfutar mai kallo ta yi nauyi ta kasa zana firam a kan lokaci, hoton zai ja baya, sautin kuwa ba ya jira. Ko da kwamfuta mai ƙarfi ce, idan tsawon kiɗan ya bambanta da tsawon zanen da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, bayan zagaye ɗari an samu ratar sakan guda. Hanyar Stream kuma tana ɗaure sautin da firam, ta riƙa tsallake wasu firam don hoto ya kamo sauti. Ba a samun rabuwa, amma sau da yawa ana jin ɗan tsinkewa a inda ƙarshe ke haɗuwa da farko.

A yau da ake fitar da aiki a matsayin bidiyo, wannan matsala ta ragu, sai dai wasu biyu sun maye gurbinta. Ta farko ita ce cakuɗa ma'aunin sauti, wato sau nawa ake ɗaukar samfurin sauti a sakan guda: kiɗa ana yawan yin sa a 44,100, bidiyo kuma a 48,000. Idan manhaja ta karanta ɗaya a matsayin ɗayan, gudun zai canja da kusan kashi tara cikin ɗari, murya ma ta canja. A tsaya a 48,000 tun daga ɗaukar murya har fitarwa. Ta biyu ita ce zana aiki a firam 24 sannan a fitar da shi a 30. Manhajar za ta riƙa maimaita wasu firam don cike gurbi, motsin ya dinga ɗingishi.

Na yi kiɗa mai zagayawa, amma akwai ɗan shiru a mahaɗa. Ina matsalar?

Kusan kullum MP3 ne. Tsarinsa yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil da ƙarshensa, ƙanƙani ne amma kunne na kama shi. A yi aiki da WAV, a bar matsewa sai matakin ƙarshe. Idan an gyara wannan har yanzu ana jin ƙaras a mahaɗa, to an yanke sautin ne a inda igiyarsa ba ta dawo tsakiya ba. A zuƙo hoton igiyar sosai a yanka daidai inda ta ratsa layin tsakiya. Idan kuma amon ƙarshe ne ke yankewa kwatsam, a buga zagayen sau biyu a jere, a yanko na biyun, domin shi yana ɗauke da jelar amon na farko a bakinsa.

Yaya ake daidaita baki da waƙa?

Siffofin baki shida zuwa tara sun wadatar: rufaffe, ɗan buɗe, buɗe sosai, mai faɗi, mai zagaye, tsukakke. Ba kowane harafi ake zana wa baki ba. Wasula ake bi, sai baƙaƙen da ke rufe leɓe. A bar rufaffen baki ya kai firam biyu, in ba haka ba ido ba zai gan shi ba, kuma a sa siffar bakin ta riga sautin da firam ɗaya ko biyu, don ido ya fi karɓar haka.

Mai yin waƙarsa da Hausa ya kula da b, ɓ da m, dukansu rufe leɓe suke. F ɗin Hausa ma a bakin yawancin mutane da leɓɓa biyu ake yin sa, don haka siffar haƙori a kan leɓe da manhajojin Turawa ke sakawa ba ta dacewa. Dogon wasali kuma ya samu firam fiye da gajere, a zane da kuma a karin waƙar.

Ta ina kuɗi ke shigo masa?

Ba ta hanya guda ba, kuma wannan ne ya riƙe shi fiye da shekara ashirin. A zamanin shafinsa akwai tallan da ake liƙawa a gefe, da sayar da riguna, 'yan tsana da faifai. Sai aikin kamfanoni: ya yi wa bota mai suna Anchor tallace-tallace a salonsa, kamfanin Yell ya yi amfani da karin Magical Trevor wajen tallan lambar tarhonsa ta neman bayani a Birtaniya, kamfanin waya na Sprint a Amurka kuma ya ɗauki Narwhals a wani talla a 2015, shekaru bayan fitowar waƙar. Daga baya ya koma ga tallafin masoya kai tsaye ta shafukan tara kuɗi na Patreon da Kickstarter.

Tsohuwar waƙa tana iya kawo kuɗi ne kawai idan tana hannun mai ita. Mai irin wannan sana'a ya bambance sayar da aiki ɗungurungum da ba da lasisi. A takardar lasisi a rubuta tsawon lokaci, ƙasashen da za a nuna, kafar da za a nuna a kai, da ko kamfanin yana da izinin canja kalmomi. A tuna kuma cewa haƙƙi biyu ne a kowace waƙa, na rubutu da kari, da na ɗaukar sautin. Idan wani ya taya rera ko zane, a yi yarjejeniya a rubuce tun kafin aikin ya yi suna.

Gaskiya ne YouTube ya cutar da masu katun?

Ya ba su masu kallo da ba su taɓa mafarki ba, sannan ya canja ma'auni ta yadda bai yi musu daɗi ba. A 2012 ya koma fifita tsawon lokacin kallo a kan yawan dannawa. Mai katun da ya shafe makonni a kan minti biyu ya samu kansa yana gasa da mai buga wasan kwamfuta da ke sakin rabin awa kullum.

Duba sharaɗin da aka sa a 2018 na shiga tsarin raba kuɗin talla: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Awa 4,000 minti 240,000 ne. Katun mai minti ɗaya sai an kalle shi har ƙarshe sau 240,000, alhali bidiyon da ake kallon minti goma daga cikinsa sau 24,000 ya isa. Talla a tsakiyar bidiyo kuma sai wanda ya kai minti takwas. Wani ƙarin ciwon kai ya zo a Janairun 2020: duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, ana cire masa tallan da ke bin sha'awar mai kallo, a kuma rufe sharhi. Katun mai dabbobi da launuka masu haske yana iya faɗawa wannan rukuni ko da barkwancin na manya ne. Hanyoyin da masu aikin suka bi sun haɗa da tara gajerun ayyuka a dogon bidiyo guda, sakin zagaye mai tsawon awa, da ɗora waƙoƙin a Spotify da makamantansa.

Wani tarko ga mai ɗora waƙarsa ta hannun kamfanin rarraba kiɗa: idan an yi mata rajista a Content ID, tsarin YouTube na gano masu amfani da waƙar wani, tsarin na iya kama bidiyonka na kanka ya karkatar da kuɗin. A nemi kamfanin ya sa tasharka cikin waɗanda aka yi wa izini kafin ranar saki.

Shin mawaƙi ne na gaske ko mai barkwanci kawai?

Duka biyun. Ya ƙirƙiri ƙungiyar kiɗa ta katun mai suna Savlonic, wadda ke yin kiɗan lantarki irin na shekarun 1980. Ta fara da raha, amma kundinta Red na 2014 da Neon na 2016 waƙoƙi ne da aka yi da gaske, kuma masoya ne suka tara kuɗin yin su. A 2013 kuma, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta ba da izinin gwajin kashe irin dabbobin da ke cikin katun ɗin Badgers a yankunan Somerset da Gloucestershire saboda tarin fukan shanu, ya haɗa kai da Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar Queen, da ɗan wasa Brian Blessed, suka sake yin waƙar Badgers don adawa da shirin.

Flash ya mutu. Ina ake ganin tsofaffin ayyukan?

Wayoyin iPhone ba su taɓa karɓar Flash ba, Steve Jobs ya bayyana dalilansa a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 2010. Adobe ya sanar a 2017 cewa zai daina, ya janye tallafi a ranar 31 ga Disamba 2020. Manhajar zanen kanta tana da sunan Adobe Animate tun 2016. Yawancin sanannun ayyukan Weebl suna YouTube a matsayin bidiyo. Mai son ganin fayilolin asali, masu zagayawa ba iyaka da maɓallan dannawa, ya nemi manhajar Ruffle, wadda ke buɗe su a burauzar zamani kuma Internet Archive ke amfani da ita, ko kuma taskar Flashpoint. Wanda ke da tsohon fayil na Flash, wato SWF, yana son mayar da shi bidiyo, Newgrounds na da manhaja kyauta mai suna Swivel. Kada a sauko da tsohuwar manhajar kunna Flash daga shafukan da ba a sani ba, masu cusa ƙwayar cuta na fakewa da sunanta.

Mai son farawa yau, me zai tanada?

Na zane akwai Krita, OpenToonz, Pencil2D da Blender, duka kyauta, a waya kuma FlipaClip. Na sauti, Audacity don ɗaukar murya da LMMS don haɗa kiɗa. Idan kuɗin bai isa komai ba, a fara sayen makirufo kafin allon zane, domin masu kallo na yafe wa zane mai rauni amma ba sa jure murya mai amsa-kuwwa. A ɗauki murya a ƙaramin ɗaki mai labule, katifa ko tarin tufafi, a kashe fanka, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo, a ɗan karkace don iskar b da f kada ta bugi kansa. Ma'aunin ƙarfin sauti da ke cikin manhajar ya tsaya tsakanin -12 da -6. Sautin da ya kai 0 ya fashe, kuma ba ya gyaruwa.

Aikin farko kada ya wuce sakan talatin: hali ɗaya, bango ɗaya, amshi ɗaya, bugu 120 a firam 24. A fitar da shi MP4 mai girman 1920 da 1080, a saurare shi ta lasifikar waya kafin a sake shi, tun da ta nan yawancin mutane za su ji shi. A ajiye fayil ɗin aiki na asali, da kowace murya da kayan kiɗa daban-daban a WAV, a wurare biyu mabambanta. Kamfanin da zai nemi lasisin waƙar bayan shekaru zai tambayi kiɗa ba murya, ko murya ba kiɗa.